Telar da Ta Aro Likkafanin Tsofaffin Sojoji

Gari bai gama wayewa ba za ka hango ta tana haurowa titin coci, gajeriyar mace da ɗankwali ɗaure a haɓa da jaka a hammata, ko ana ruwa ko ƙanƙara ta rufe garinmu Glen Tarbet har wuya. Ba ta bin babbar ƙofar bariki, ta ce wannan ta masu igiya ce. Ta ƙofar gefe take shiga, ta kakkaɓe takalmi, ta ɗora buta, ta jona dutsen guga. Kafin mai gadi ya gama hamma, ɗakinta ya cika da ƙanshin ulun da ya ji tururi da na baƙin shayin nan nata mai ɗaure harshe. Sai ta sauko da abin da ke rataye a ƙusa ta farko, ta shimfiɗa a tebur, ta zura zare.

Effie Boudreau ke nan, telar rundunarmu kusan shekara arba'in, wadda za ta ajiye allura a ƙarshen watan nan. Ba ta taɓa saɓa bindiga ba. Sunanta ba ya jikin allon tagullar da ke zauren bariki, kuma in manya suka zo daga Ottawa, babban birnin ƙasa, ba a kai su ɗakinta, sai dai su leƙa bisa kuskure suna neman bayi. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa yau na ɗauki alƙalami. In ta ga rubutun za ta ce na cika surutu. To, ta ce.

Mu nan sojojin ko-ta-kwana ne. Da rana masunta ne da malaman makaranta da masu gyaran lantarki da ma'aikatan asibiti, sai wata yammar da ƙarshen mako mu zama sojoji. Abin da ya haɗa mu shi ne kilt, zanen ulun nan mai ratsin kore da baƙi da siririn jan zare, mai ninki jere a baya, wanda kakanninmu suka ɗaura suka haye teku zuwa ramukan yaƙin Faransa. 'Yan sauran runduna suna ce mana 'yan siket, amma daga nesa suke faɗa. Lokacin da gwamnati ta zuba kowa a koren kaya iri ɗaya, na ƙasa da na ruwa da na sama, iyayenmu suka sa koren don aiki, suka riƙe kilt ɗinsu gam don ranar fareti.

Duk wanda ya shigo rundunar nan sai ya durƙusa a gaban Effie, don haka ake awon. Mutum ya sa gwiwoyi a ƙasa, a duba bakin zanen ya ɗan shafi daɓe, kada ya ja ƙasa, kada kuma ya ɗage ya tona asiri. Kurtu ya durƙusa, kyaftin ya durƙusa, kanar ma ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara. Bakinta kullum da allurai, shi ya sa maganarta gajera ce.

"Miƙe bayanka," za ta ce. "Kuma ka daina shanye cikin nan. Ranar fareti ba za ka riƙe numfashi daga bariki har bakin ruwa ba."

Akwai wani saje, ba zan kama sunansa ba tunda yana raye kuma hannunsa da nauyi, wanda tumbinsa yake ƙara yin gaba duk shekara. Bai taɓa kawo kilt ɗinsa gyara ba, kuma kilt ɗin bai taɓa matse shi ba. Har yau yana cika baki a gidan shayi cewa ƙugunsa na nan yadda yake tun yana kurtu. Effie ce take bin bayansa ta matsar da maɗaurin, ta mayar da kayan inda ta ɗauko ba tare da ya sani ba.

Shekarar da aka dawo mana da yaron gidan MacAulay daga fagen yaƙin Kandahar a cikin akwatin gawa, ita ta goge masa kilt ɗinsa ninki bayan ninki, ta kai gidan da kanta. Uwarsa ta faɗa mini cewa kowa ya shigo da kalaman ta'aziyya, Effie kuwa ta zauna a kicin ba ta buɗe baki ba. Ta hango baƙar rigar da uwar za ta sa zuwa coci a rataye, maɓallinta ɗaya yana lilo, sai ta jawo ta ta ɗinke. Matar ta ce a duk makon nan babu abin da ya sa ta iya yin kuka sai wannan.

Ke ce haka, Effie. Kin san inda mutum yake yagewa tun kafin shi ya sani, kuma ba kya jira a ce miki an gode.

Amma babban abin da nake so ku sani ya rataya ne a kan wata al'ada tamu. Sojan da ya yi wa rundunar nan dogon aiki, ranar da zai ajiye, ana bar masa kilt ɗinsa ya tafi da shi gida. Zai naɗe shi a akwatin katako da maganin asu, ba zai ƙara ɗaurawa ba sai ranar da za a sa masa shi a kai shi makabarta. Ba doka ba ce, babu inda aka rubuta ta, amma an fi tsoron karya ta fiye da dokar da aka rubuta. Tsofaffin suna kiransa kayan tafiya. Akwai wanda gidansa ya kama wuta ya fito da akwatin nan tukuna, sannan ya tuna da haƙoran robansa.

To, shekarar da rundunar za ta cika ɗari, aka shirya gagarumin fareti. Za a miƙa mana sabuwar tuta, mu ratsa gari da ganguna da algaitu, wuƙa a bakin bindiga. Ana cikin shiri sanyi ya fara sakin gari, ƙanƙarar kogi ta farfashe ta taru a ƙarƙashin gada ta toshe, ruwa ya juyo cikin unguwa. Ya cika ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin bariki, ya tumɓuke tankin man da ake ɗumama ginin da shi, ya kwaɓa mai da laka da kayan faretinmu wuri ɗaya. Da ruwan ya janye, Effie ta sauka da dogon takalmin roba, ta ɗaga kilt ɗaya ta sansana, ta ɗaga wani, sannan ta zauna a kan matakala. Waɗanda suka tsira ba su isa a cika sahu biyu ba.

Kanar Chisholm ya same ta a nan. Likitan haƙori ne da rana, mutum ne da ya saba faɗa wa jama'a cewa ba za su ji zafi ba.

"Ba sa wankuwa, Effie?"

"Yallaɓai, ulu in ya sha mai ya sha ke nan. Ko ka wanke, da rana ta buge shi za ka ji kamar tashar mota ce ke fareti."

"Na kira masaƙa. Sun ce sai an saƙa mana namu daga farko, sai baɗi." Ya share tabarau. "Za mu fita da koren wando. Soja soja ne, ko me ya sa."

"Ka yi ta faɗa wa kanka har ka yarda," in ji ta, "sannan ka je ka faɗa wa Lauchie MacQuarrie."

Kanar ya kau da kai, don shi ma a hannun tsohon samanjan nan Lauchie ya koyi bambanta hagu da dama. Effie ta zauna tana duban laka. Rundunar da ta yi shekara ɗari tana kare zanenta za ta karɓi sabuwar tuta sanye da wando kamar ma'aikatan gidan waya, ita kuma tana tsaye tana kallo. Abin ya yi mata ciwo har cikin ƙashi. Tana cikin wannan tunanin ta tuna cewa garin nan cike yake da kilt, kusan kowane titi da nasa, suna kwance a akwatuna suna jiran masu su su mutu.

Ta same su a gidan tsofaffin sojoji da la'asar suna karta. Ta tsaya a bakin tebur ta faɗi abin da ya kawo ta, ba kwana-kwana. Kowa ya ajiye katinsa. Babu wanda ya dube ta, duk suka juya suna duban mutum ɗaya, Samanja Lauchie MacQuarrie, wanda ya yi yaƙin Koriya yana saurayi, ya dawo ya yi shekaru yana horar da kuratan garin nan har muryarsa ta zama abin tsorata yara. Ya haura tamanin, amma in ya yi gyaran murya tsofaffi masu jikoki sai su gyara zama.

"Effie," ya ce, "ana aron tsani, ana aron gatari. Yau kuma likkafani aka zo aro?"

"Aro ne, Samanja. Zai dawo."

"Ni da nake jin ana ƙwanƙwasa mini ƙofa? In mai ƙwanƙwasawar ya shigo fa, in ce masa ya dakata kayana suna wajen tela?" Ya ɗauki katinsa. "Wa ke da wasa?"

Ta fita ba ta samu ko ɗaya ba. Ta san kuwa muddin Lauchie bai buɗe akwatinsa ba, babu wanda zai buɗe.

Washegari ta je gidansa da ƙunshi a hannu. Ya zuba mata shayi don ba a korar baƙo a garin nan ko da an san abin da ya kawo shi, ya turo mata farantin biskit, ya harɗe hannu yana jira. Ba ta roƙe shi ba. Ta kwance ƙunshin a kan teburin kicin. Kilt ne, ninkinsa kamar jiya aka goge, ƙanshin katako yana tashi daga jikinsa.

Lauchie ya gane shi. Na Gilbert Boudreau ne, mijinta, mai busa algaitar rundunar, wanda ya fita kamun kifi wata safiyar Nuwamba shekaru ashirin da suka wuce, iska ta tashi, ba a ga jirgin ba, ba a ga shi ba.

"Teku ba ta jira an sa masa ba," in ji Effie. "Tun ranar ban buɗe akwatin ba sai jiya. Shi ne kaɗai abin da nake da shi da ya san ƙugunsa. Yau zan warware shi in yi wa wani yaro daidai."

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen. Ya miƙa hannu ya shafa bakinsa, ya janye.

"Kin iya yaƙi, 'yar MacAskill. Ubanki ma haka yake, ba ya zuwa ta inda aka tsare." Ya tashi da sanda ya shiga ɗaki, aka ji yana jan akwati yana zagin gwiwarsa. Ya fito ya ajiye nasa kusa da na Gilbert, amma bai ɗauke hannu ba. "Sharaɗi. Almakashi ba zai taɓa shi ba."

"Ban taɓa yanka kilt ɗin wani ba. Abin da ya yi yawa ninkewa nake yi ciki."

"Kuma ba kowane ragon yaro za a ɗaura wa ba. Wanda ya fi kowa iya taku a rundunar."

"Na ji."

"In kuma na faɗi kafin ranar, ki mayar da shi awona, a sa mini. Ba zan je gaban Ubangiji da wando ba."

"Na yi maka alkawari, Lauchie."

Sai ya ɗauke hannun. Kafin mako ya zagayo, labari ya gama gari cewa Samanja ya ba da kayan tafiyarsa, akwatuna suka fara buɗewa. Wani ya kawo da kansa yana rungume da shi kamar jariri, wani ya aiko jikarsa don ba zai iya kallon fitarsa daga gida ba. Kowa da sharaɗi irin na Lauchie, Effie kuma ta amsa wa kowa da bakinta.

Aiki ya fi hannu biyu, sai ta tara mata a zauren bariki. Matan cocin kan tudu da na cocin bakin ruwa, waɗanda ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan yadda ake kwaɓa biskit, suka zauna tebur ɗaya suna ɗinki, suna gulmar juna a hankali. Effie tana zagayawa, ta warware abin da bai yi mata ba, ta mayar wa mai shi ba tare da ta ɗaga murya ba. Almakashi duk ta kwashe ta kulle a aljihun teburinta. Mazan da suka ci zamaninsu ƙarti ne, yaran yanzu kuwa wasu kamar sillen kara, don haka aka yi ta ninkewa ana ɓoyewa a ciki, har zanen da ya zagaye ƙaton masunci ya zauna daram a ƙugun ɗan makaranta.

Da aka zo kan na Samanja, Effie ta tambayi sajen fareti wa ya fi kowa taku. Bai yi dogon tunani ba, ya ce Kofur Noreen Sylliboy. Siririyar yarinya ce 'yar ƙabilar Mi'kmaq, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, daga ƙauyen ƙetaren kogi, mai aikin jinya a asibitin gari, kuma ita aka zaɓa ta tsaya a gefen sabuwar tuta. Effie ta auna ta, ta ninke kusan rabin zanen ciki. Ta san a zamanin Lauchie mace ba ta shiga sahu, ta kuma san bakinsa. Ta ce za ta faɗa masa ranar da ta same shi ya ci ya ƙoshi.

Ba ta samu wannan ranar ba. Ana saura 'yan kwanaki fareti, Lauchie ya yanke jiki ya faɗi a lambunsa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Marjorie, 'yarsa, ta kira bariki.

"Effie, likita ya ce mu kira 'yan'uwa. Ki dawo mana da kayan Baba."

"Zan kawo."

"Yadda yake, fa. Kin yi masa alkawari."

"Na sani, Marjorie. Da bakina na yi."

Ta ajiye waya ta dubi zauren. Ta san abin da zai biyo baya. In na Samanja ya koma, gobe iyalan sauran za su zo karɓar nasu, don kowa zai ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Aikin makonni zai warware, a koma kan wando. Matan suka ba ta shawara ta ja ƙafa, ta ce yana wajen guga, ai tsoho ba ya cikin hayyacinsa, ba zai sani ba. Effie ta naɗe kilt ɗin ta sa a jaka, ta ce alkawari kaya ne, kuma ita ta ɗauka.

Nan ne nake cire miki hula, Effie. Rundunar da kike so kamar ranki tana gefe ɗaya, maganar da kika yi wa tsoho a kicin tana gefe ɗaya, babu shaida sai butar shayi, kika zaɓi maganarki. Da yawanmu da mun samo dalili mai kyau.

Da azahar ta zauna a gefen gadonsa, ta sa tabarau, ta fara tsinke zaren da ta ɗinka da hannunta. Marjorie tana bakin taga tana share hawaye. Can sai tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Mene ne ke ƙwas-ƙwas kamar ɓera?"

"Ni ce. Ina mayar maka da kayanka."

"Na mutu ne?"

"Saura kaɗan, in ji likita."

"Wane likitan? Yaron gidan Gillis da na kama yana satar mini tuffa?" Ya buɗe ɗaya idon, ya dubi zanen a cinyarta, ya ga yadda aka tsuke shi. "Wane ɗan tsako kika ɗaura wa wannan? Na ce wanda ya fi kowa taku."

"Shi na ba. Ga ta nan za ta fitar maka da fo."

Noreen tana tsaye a ƙarshen gado da kayan aikinta, abin a hannu. Lauchie ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Mace," ya ce.

"Tun da aka haife ni, Samanja."

"Ajiye wannan abin. Ƙame."

Ta ajiye, ta ƙame, da takalmin robar asibiti. Da 'yar muryar da ta rage masa ya sa ta taka zuwa ƙofa, ta juya, ta dawo, ta tsaya. Ya sake sa ta. Majinyacin gadon kusa ya tashi zaune yana kallo.

"Kafaɗarki ta hagu ta faɗi."

"Tun safe da ita nake ɗaga ka, Samanja."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya fasa. "Wa ya koya miki juyin nan?"

"Saje MacPhee."

"Ni na koya masa. Shi bai taɓa iyawa haka ba." Ya lumshe ido har suka zaci ya koma barci, sannan ya ce, "Effie, mayar da abin da kika warware."

"Baba," in ji Marjorie, "in kuma kafin Asabar ɗin..."

"In kuma me? Wanda ya mutu a tsakiyar sanyi ba ajiye shi ake yi ba har ƙasa ta saki a samu haƙa rami? Uwarki watanni ta jira, ba ta yi ƙorafi ba, ita da ba ta taɓa jiran kowa ba a duniya. Ni ne ba zan iya jiran Asabar ba? In na riga, ku sa ni a sanyi. Kilt ɗin yana bakin aiki."

Effie ta gyara tabarau. Ta zura sabon zare, ta fara mayarwa a nan gefen gadon. Maganar ta fita daga asibitin kafin ita ta fita, kuma babu iyalin da suka zo karɓar nasu.

Ranar Asabar gari ya waye tangaran. Wanda bai ga faretin nan ba, ba ni da yadda zan yi in nuna masa. Algaitu suka ɗauka daga ƙofar bariki, ganguna suka amsa, rundunar ta fito sahu-sahu, kowa da kilt, babu wando ko ɗaya. In sahu ya taka, ninkin baya duk sai ya kaɗa gefe ɗaya a tare, ya dawo a tare. Tsofaffi sun jeru a bakin titi da lambobinsu a ƙirji suna nuni da sanda. "Wancan nawa ne, na uku daga dama." "Kai, naka ai bai taɓa tafiya a miƙe haka ba lokacin da kake ciki." Wasu suna dariya, wasu suna fyace hanci suna cewa iska ce.

Kanar Chisholm, Allah ya saka masa, ya canza hanyar faretin ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya bi da mu ta titin asibiti. An turo gadon Lauchie bakin taga a hawa na biyu, an maƙala masa lambobinsa a jikin rigar majinyata, robar ƙarin ruwa tana hannunsa. Aka ba da umarni a duba dama, kawuna suka juya gaba ɗaya. Sabuwar tuta ta wuce, Noreen a gefenta, kafaɗunta daidai. Tsohon ya ɗaga hannun nan mai roba ya sara, bai sauke ba har sahun ƙarshe ya wuce.

Effie tana tsaye a gefen titi a cikin jama'a, allura soke a wuyan rigarta ko za a buƙata. Masu algaita suka zo wucewa, ta hango wani dogon yaro a cikinsu sanye da na Gilbert, yana busa, zanen yana kaɗawa. Ta faɗa mini daga baya cewa shekara ashirin tana jin haushin teku, a ranar ne ta ji haushin ya sake ta. Ta yi kuka a tsakiyar titi ba ta ɓoye fuska ba, kuma ta ce kukan daɗi ne.

Bayan biki ta cika alkawuranta ɗaya bayan ɗaya. Ta warware, ta mayar da kowane awon mai shi, ta goge, ta kai har gida. Lauchie kuwa, mutuwa ta leƙo ta ji bakinsa ta koma. Ya tashi, ya koma gida, ya ci gaba da zagin tsuntsayen da ke cin tuffarsa. Da Effie ta zo masa da nasa a jaka, ta ce gobe za ta fara warwarewa, sai ya girgiza kai.

"Bar shi."

"Alkawarin fa?"

"Na yafe. Na gan shi yana tafiya, Effie. Shekara talatin yana kwance a akwati, ni ina kwance a kujera, muna jiran juna. Me tsutsa za ta yi da ninki? Ki bar shi a ƙugun yarinyar nan. Ki ce mata ta kula da kafaɗar."

Da sauran suka ji, fiye da rabinsu suka dawo da nasu bariki, wannan karon ba aro ba. Lauchie ya ƙara shekaru kafin ya tafi. An binne shi da shuɗiyar kwat ɗinsa da wando, lambobi a ƙirji, mutumin da ya rantse ba zai je gaban Ubangiji haka ba. A kan kabarin, Saje Noreen Sylliboy ce ta tsaya ƙame cikin kilt ɗinsa har aka gama zuba ƙasa.

Effie, uwar ninki, mun gode. Mun gode da idanunki da kika ƙarar a kan baƙin zare cikin baƙin ulu, da yatsunki da suka karkace, da asirinmu da kika rufa ba mu sani ba. Kin je aron abin da ba a aronsa, kika dawo da shi ba yanka ko ɗaya, har masu shi suka ga ya fi kyau a jikin mai rai. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai, ya ba wadda za ta gaje ki rabin haƙurinki.

Mu kuma da muka rage, kowa ya san abin da ya naɗe ya ɓoye yana jiran ranar da ba zai ji daɗinsa ba. Effie nata akwatin ta fara buɗewa kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Mu buɗe namu mu duba. Wataƙila akwai mai rai a unguwa da zai yi wa daidai, in kuma ya yi masa yawa, a ninke.